Baba ya fara jan ƙafa: a hutar da shi ko a bar shi ya taka?

Ɗan Jahun: Slm jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema akan mahaifinmu. Shekarunshi 72, ya yi sama da shekara 30 yana da shago a kasuwar Wunti nan Bauchi kuma duk tsawon lokacin nan a ƙafa yake zuwa ya dawo, in ya tashi tafiya mu yara sai mun haɗa da gudu-gudu kafin mu cim mishi. Shekara uku da suka wuce muka haɗu mu 'ya'yanshi muka ce ya isa haka, ƙaninmu ya karɓi shagon, muka ɗaukar mishi mai keke napep da ke kai shi duk inda zai je har masallacin Juma'a. To jiya da asuba ina bayanshi za mu masallaci sai nake jin ƙarar silifas ɗinshi shaa shaa a ƙasa, baya ɗaga ƙafar, takun ya zama gajere kaman mai tafiya a kan santsi, da muka zo kwatar da ake ɗan tsallakewa sai da ya dafa kafaɗata. Rannan kuma ya naɗe wando zai yi alwala na kalli sha-raɓarshi wlh ta zube, mutumin da a da ƙafarshi kaman ta ɗan dako. Ba wani ciwo yake ba, hawan jini ne kawai kuma yana shan magani. Ga shi mun biya mishi kujerar Hajji bana. Yayarmu ta ce a ƙara hutar da shi a siya mishi keken guragu tun yanzu, ni kuma zuciyata tana gaya min mu muka jawo.

Na Bakin Kura: Wslm. Haba malam, shekara 72 fa ka ce. Girma ne ya zo, meye kuma na neman wanda ya jawo? Ku bar bawan Allah ya ci guminshi a zaune, ya wahala da ku ya isa. A Makka akwai masu tura keke, ku riƙe kuɗinsu kawai.

Maman 'Yan Biyu: Sanyin ƙashi ne. A samu wanzami ya mishi ƙaho a bayan ƙafan, a dinga gasa mishi da ruwan zafi ana shafa man kaɗanya da daddare. Kakarmu haka ake mata.

Baba Mai Ritaya: Yaro bari in ba ka amsa a matsayin wanda abin ya shafa, don ni 69 nake. Ku yaran yanzu kuna da tausayi amma wani tausayin naku kashe mutum yake da ranshi. Ni da na ajiye alli nawa 'ya'yan ɓoye min keke suka yi wai kar mota ta kaɗe ni, in na ɗauki buta wani ya karɓe, in na miƙe zan kashe fanka a ce Baba zauna. Wata shida ina wannan sarautar sai na wayi gari tashi daga tabarma sai na dafa bango. Na ce su fito min da kekena ko in saɓa musu. Yanzu kullum da hantsi ina takawa daga Fadaman Mada in zaga in dawo, ba na cewa na koma saurayi amma buta dai ni nake ɗaukar abata.

Na Bakin Kura: Allah ya ƙara lafiya Baba, amma jiki ba ɗaya ba ne ai.

Mai Gashin Ƙashi: Assalamu alaikum. Aikina kenan, sashen gashin ƙashi nake, bari in ɗan sa baki amma ku yi haƙuri da tsawo.

Abu na farko da yake rikita mana magana shine kalmar jijiya. Mu Hausawa hanyar jini jijiya ce, wadda take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya ce, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya ce, shi yasa in tsoho ya ce jijiya ke damuna sai an zauna an tantance wacce yake nufi. Wadda ta shafi maganar Baba ita ce agara, kowa ya kai hannu bayan idon sawunshi yanzu zai ji ta kaman igiyar guga ta sauka kan diddige. Duk jikin ɗan Adam babu irinta da ta kai ta kauri da ƙarfi. Tsoka biyu ne manya a sha-raɓa suke haɗuwa su zuba a cikinta, ɗaya a waje ita ce wadda ake gani ta yi ƙulli in mutum ya yi ɗage, ta faro ne tun daga saman gwiwa, ɗayar kuma tana kwance a ƙarƙashinta ba a ganinta sosai amma ita ke riƙe ka in kana tsaye a sahu kar ka kifa gaba.

To in kana tafiya, lokacin da nauyinka ya wuce kan ƙafar da ke ƙasa agarar nan tana miƙewa kaman danƙon harbin tsuntsu, sai a ƙarshen takun diddige ya tashi ta saki, ta cilla ka gaba. Wannan cillawar kusan kyauta kake samunta. In girma ya zo abu biyu ke faruwa, tsokar tana raguwa, danƙon kuma yana sakwarkwacewa, a ja shi a saki dutsen ya faɗi nan kusa. Sai jiki ya nemi dabara, tunda ba a tura shi daga baya sai ya koma jawo ƙafar daga ƙugu da cinya. Shine za ka ga taku ya gajarce, ƙafa bata tashi sosai, kuma mutum ya fi gajiya a tafiyar da a da ko a jikinshi. Wannan shaa shaa da ka ji kenan, in dai ba wata cutar a ƙasa.

Na Bakin Kura yana da gaskiya rabi. Tun daga shekara 30 tsoka take fara raguwa, kaman kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu, har suna likitoci suka sa mishi, sarkofeniya. Kuma ƙarfi ya fi girman tsokar saurin tafiya, musamman ƙarfin zabura, irin wanda kake buƙata in ka yi tuntuɓe ka cira ƙafa da sauri ka tare kanka. Amma zama yana ninka abin. An yi wani gwaji a Amurka a 2007, aka kwantar da dattawa masu lafiya kwana 10 a gado, suka rasa kusan kilo 1 na tsoka a ƙafafu kawai. Kwana goma fa. Ku kuma shekara uku kuna hutar da Baba.

Ɗan Jahun: Innalillahi. Likita ka sa jikina ya yi sanyi wlh.

Ɗan Yelwa: Ni ban gane wani waje ba ranka ya daɗe. Ka ce agara tana saki, amma tsohuwarmu kukanta shine ƙafar ta ƙage, da safe kaman an ɗaure mata idon sawu, tsuguno a masai ma ya gagare ta sai diddige ya tashi sama. Ya abu zai saki kuma ya ƙage lokaci ɗaya?

Mai Gashin Ƙashi: Tambaya mai kyau. Ƙofa ce da hinjinta ya yi tsatsa, kuma sifirin ɗin da ke maido da ita ya mutu, ka ga matsala biyu ne a ƙofa ɗaya. Gaɓar idon sawun tana rage lanƙwasuwa, tsokar ma tana gajarcewa in ba a miƙar da ita, wannan shine ƙagewar da Mama take ji. Sakin da nake nufi kuma a lokacin da aka ɗora wa agarar nauyi ne, bata mayar da ƙarfin yadda take yi a da.

Ɗan Achaɓa: Ni dai abin da na sani, tsofaffin Fulanin da ke shigo da nono daga rugage ta hanyar Dass da ta Ningi, wata ta kai 70 da ƙwarya a ka amma in ta miƙe hanya sai ka rantse budurwa ce. Ba asibiti ba komai. Mu 'yan birni mun lalace, ni kaina siyan kati a bakin layi sai na tada mashin.

Malamin Lissafi: Ɗan Achaɓa lissafinka akwai gyara. Waɗanda kake gani a hanya sune waɗanda ƙafar bata gaza ba, wadda ta gaza tana can cikin bukka ba za ta biyo ta gabanka ba balle ka ƙirga ta. Ban ce tafiyar bata taimake su ba, amma kar mu ɗauka duk tsohuwar ruga haka take.

Ɗan Achaɓa: Malam kai komai sai ka sa mishi alli 😂

Yayar Ɗan Jahun: Tunda ƙanina ya kawo maganar gidanmu nan to bari nima a ji nawa, don naga ana neman maida ni muguwa. Ni nake zuwa gidan kullum ba shi ba. Maƙwabciyarmu Hajiya da ƙafarta take zuwa ko'ina, biki suna ta'aziyya, ana ta yabonta, rana ɗaya santsi ya ɗebe ta a banɗaki ƙashin ƙugu ya karye, daga wannan kwanciyar bata sake tashi ba wata biyar aka yi jana'izarta. Ni na ga yadda aka yi jinyar nan, na ga gyambon da kwanciya ta fitar mata a baya. Shine za a ce in bar Baba yana yawo cikin duhun asuba a lungun da ko fitila babu? In ya faɗi waye zai yi jinya, ku ne 'yan guruf?

Maman 'Yan Biyu: Gaskiyarki Anti. Maza basu san zafin jinya ba, sai dai su leƙo su ce ya jiki su ajiye lemo.

Mai Gashin Ƙashi: Hajiya tsoronki a kan hanya yake, babu mai ganin laifinki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma 'yan sama da 60 suka fi yawa a ciki. Inda muka rabu dake shine maganin. Wanda aka zaunar ai dole ya tashi ya shiga banɗaki, dole ya yi alwala, kuma zai yi su ne da ƙafar da ta fi ta jiya rauni. Ki duba, ita Hajiyar ma ai ba a titi ta faɗi ba. Abin da nake so ki tsaya a kai: a cire mishi silifas ɗin nan a siyo sandal mai maɗauri a baya, a sa ƙarfen dafawa a banɗaki, a kankare gansakuka, a sa fitila mai caji a hanyar bayi, a duba idonshi ko akwai yana, sannan a gaya wa likitan da ke ba shi maganin hawan jini in yana jin jiri in ya miƙe, don wasu magungunan suna sa haka. Asuba kuma ɗaya daga cikin samarin gidan ya dinga raka shi da tocila.

'Yar Azare: Likita don Allah ka yi maganar magungunan kemis, abin da ya sami mamanmu kar ya sami wani. Tana da 66, gwiwa na damunta wani mai kemis ya ɗora ta kan deksa, maganin nan na rage kumburi, ta daɗe tana sha don tana jin daɗinshi, sai zazzaɓi ya zo aka ce taifot ne ba gwaji ba komai aka ba ta Cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Bata gama shanye katin ba tana hawa 'yar matakalar ƙofar kicin sai ta ji ɗas a bayan ƙafa, ta juyo tana faɗa wai waye ya jefe ta da dutse, babu kowa a tsakar gidan sai kaji. Muka ce targaɗe ne aka kira mai ɗori yana ta murza, wata biyu ana abu ɗaya, da muka je asibiti aka kwantar da ita rub da ciki aka matsa sha-raɓar, ƙafar ko motsi, aka ce agarar ce ta tsinke kuma mun yi latti. Har yau ɗingishi take.

Mai Gashin Ƙashi: Allah ya ba Mama lafiya. Wannan sanannen abu ne, tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi girma a kwalin Cipro da danginshi cewa suna iya kumbura agara ko su tsinka ta, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya wuce 60 da wanda ke shan irin su deksa. Mama ta haɗa duka biyun. Ba cewa nake maganin banza ba ne, yana da wajen aikinshi, amma duk tsohon da ke shan shi ya fara jin ciwo a bayan diddige ya dakata ya koma wajen likita a ranar. Deksa ɗin ma shi kanshi in an daɗe ana sha yana cinye tsokar cinya, kuma ba a yanke shi farat ɗaya, likita ne ke rage shi a hankali.

Tunda an zo nan bari in faɗi waɗanda ba tsufa ba ne. In mutum yana tafiya sha-raɓa ta ɗaure mishi da ciwo, ya tsaya minti kaɗan ta saki, ya ci gaba ta sake kamawa a daidai wannan nisan, to hanyar jini ce ta ƙuntace, an fi gani ga masu shan taba da masu ciwon suga. In tafin ƙafa ya yi dundum ko yana zafi kaman an zuba barkono, a gwada suga. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura ta yi zafi musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jirgi, kar a matsa kar a yi ƙaho, jini ne mai yiwuwa ya daskare kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu, asibiti kai tsaye. In kuma jan ƙafar ya zo da rawar hannu da sanyin motsi, ko ɓari ɗaya ne ya yi rauni kwatsam, wannan maganar ƙwaƙwalwa ce. Don haka Ɗan Jahun kafin komai a kai Baba a duba shi, asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) akwai sashenmu a can.

Maman 'Yan Biyu: To shi ƙahon fa likita, ka yi shiru a kai.

Mai Gashin Ƙashi: Gashi da ruwan ɗumi da man kaɗanya ba laifi Hajiya, yana sa a ji daɗi. Amma tsokar da ta zube ƙaho baya dawo da ita, kuma mai ciwon suga kar a kuskura a tsaga mishi ƙafa ko a sa mishi ruwa mai zafi sosai, baya jin ƙuna kuma ciwon baya warkewa da wuri.

Na Bakin Kura: Ni fa har yanzu ban yarda ɗan shekara 72 zai yi wani atisaye tsoka ta dawo ba. Kuma ai yana sallah sau biyar, ruku'u sujada tashi zama, wane motsa jiki ya wuce wannan?

Malamin Lissafi: Wannan kam an gwada. A 1990 a Boston aka ɗauki tsofaffi 10 'yan wajen shekara 90 a gidan kula da tsofaffi, aka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sati 8, ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu. Baban Ɗan Jahun ai ɗa ne a wajensu.

Mai Gashin Ƙashi: Haka ne Malam. Sallah kuma tana taimakon gaɓoɓi sosai, tashi daga sujada aiki ne babba ga cinya, amma bata ɗora wa sha-raɓa nauyin da zai gina ta. Abin da zai yi ba kuɗi a ciki. Ya dafa bango ko bayan kujera mai nauyi ya yi ɗage a hankali ya sauko a hankali, saukowar ta fi muhimmanci kar ya saki jiki ya faɗo, sau 10 ya huta ya sake, zagaye biyu ko uku, yau a yi gobe a huta. In ya zama wasa a wajenshi ya koma ƙafa ɗaya. Na biyu yana zaune a kujera a ɗora mishi galan ɗin ruwa a kan gwiwa ya dinga ɗaga diddige, wannan na tsokar ciki ne. Na uku tashi daga kujera a zauna ba tare da dafawa ba. Sai tafiya, a fara da minti 10 ana ƙarawa duk sati. Tsoka tana fara amsawa cikin sati 6 zuwa 8, agara ta fi taurin kai sai kaman wata uku, don haka kar a yi gaggawa, in bayan diddige ya kwana yana ciwo a rage.

Kuma a duba kwanonshi. Tsofaffinmu koko da safe, shayi da burodi, tuwo da dare, naman ma sai su miƙa wa jikoki wai haƙori. Tsoka bata ginuwa da kunu. Ƙosai, alala, awara, ƙwai, kindirmo, kifi, dambun nama, ko masar nan tamu a dinga yi mata miya da gyaɗa sosai. Sai dai mai ciwon ƙoda ya tambayi likitanshi tukuna.

Alhajin Bara: Ɗan Jahun ka ji daga wanda ya je. Safa da Marwa kawai sau bakwai ɗin nan kusan kilomita 3 ne, ga ɗawafi kafin shi, ga tafiyar jifa daga tanti a Mina kwana uku a jere cikin rana. Keken turawa halal ne ba wanda ya ce a'a, amma akwai wuraren da dole ka taka, hawa mota, layin banɗaki, cunkoso. Ku siya keken don ko-ta-kwana amma ku fara tattakin tun yau.

Ɗan Jahun: Ngd sosai jama'a. Likita akwai yadda zan gane a gida ko abin ya yi nisa kafin ranar asibitin?

Mai Gashin Ƙashi: Akwai. Ka auna mita 4 a tsakar gida ya yi tafiyarshi ta kullum, in ta ɗauke shi fiye da sakan 5 tafiyar ta yi sanyi. Ya tashi daga kujera ya zauna sau 5 hannu a ƙirji, in ya wuce sakan 15 alama ce, ka tsaya kusa da shi. Sai ka ari tef ɗin tela ka zagaya sha-raɓar inda ta fi kauri, ƙasa da santimita 31 ana ɗaukarshi tsoka ta ragu, a tef ɗin tela inci 12 kenan da ɗan ɗoriya. In ƙafar a kumbure take awon zai yaudare ka.

Ɗan Jahun: Na dawo da rahoto. Bayan la'asar muka yi, tef ɗin matata na ɗauka. Sha-raɓa inci 12 da rabi. Kujera sakan 17. Mita 4 ɗin sakan 6 ya yi, da na gaya mishi sai ya ce agogon wayata ne ba daidai ba a sake, aka sake ya tattare babbar riga ya yi 5 da ɗan kai yana haki yana hararata. Ɗagen kuma sau 7 ya yi ƙafar ta fara rawa. Ya ce dama shi tun farko bai nemi keke napep ba mu muka ɗora mishi, wai mu sallami yaron. Mun daidaita mai keken zai dinga zuwa ranar Juma'a kawai. Litinin za mu asibiti in sha Allah.

Yayar Ɗan Jahun: Ba inda zai taka sai an sa ƙarfen banɗakin, na kira mai walda gobe zai zo ya auna, kai za ka biya. Sandal ɗin ma ka siyo lamba 43, baƙi, ka san ba zai sa mai kala ba.

Baba Mai Ritaya: Ka gaishe min da shi, ka ce in ɗagen ya kai sau 15 ya aiko a gaya min mu haɗu a Wunti, ni zan siya ƙosan.